A Ƙasar Arawa Har Yanzu Ana Yi wa Kyaftin Voulet Dariya

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙonni, in ya miƙe yamma a kan babbar kwaltar da ke zuwa Yamai, zai ratsa Dankasari kafin ya kai Dogonduci. Direbobi ba sa ko rage gudu a nan sai in fasinja zai sauka. Amma daga wannan yankin na Arawa ne ake barin kwalta a faɗa yashi zuwa Lugu, ƙauyen Sarauniya Mangu, matar da ta tare wa sojan Faransa hanya a watan Afrilun 1899.

Labarin sananne ne a Nijar, mu ne a Kano ba mu cika jin sa ba. Faransa ta tura Kyaftin Paul Voulet da abokinsa Julien Chanoine su kai tutarta Tafkin Cadi. Suka taso daga bakin kogin Kwara da sojan haya da 'yan dako, suna ƙona garuruwa suna kwashe hatsi da mutane. Ran 16 ga Afrilu suka iso Lugu, suka tarar da maharba da kwari da baka. Rahoton su kansu Faransawan ya ce sun harba harsashi wajen 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma ba su kama Sarauniya ba, don ita da jama'arta sun shige kurmi. A watan Mayu rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ambato. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe rundunar, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu bakin bindiga suka kashe su, shi da Chanoine. Kaburburansu na Maijirgi, kusa da Tasawa.

Lugu kanta ƙaramin ƙauye ne a gindin tuddai, bukkoki da rumbuna, ba soro ba ganuwa. Sarautar Sarauniya tana nan ba ta yanke ba, kuma mai riƙe da ita ba ta yawon gari, a ɗakinta ake zuwa gaishe ta. Mutanen wurin suna cewa kakarsu daga Daura ta fito, kuma a nan ne dutsen Tunguma yake, wanda masu bin al'adar gargajiya ke kai wa ƙara. Ni Musulmi ne, da na je na gaisa, na zauna inda aka nuna mini, ban tambayi abin da ba a buɗe mini ba. Dattijon da ya ba mu labarin yaƙin bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya nuna inda Nasara suka ɓullo, ya nuna inda mata da yara suka bi, ya ce an ƙone gari, an dawo an sake ginawa. Ke nan. Na zaci zan ji kirari, sai na ji ana faɗar abin kamar yadda ake faɗar shekarar fari.

Kirarin da dariyar a Dogonduci na same su, da daddare, a wata fada. Haka suke kiran majalisar samari a Nijar: benci, tabarma, gawayi, butar shayi da ba ta sauka daga wuta. Wannan fadar a bayan rumfar wani mai cajin waya take. Samarin sun kamu da Free Fire, wasan harbe-harben nan na waya wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, inda ake zuba 'yan wasa 50 a tsibiri, kowane gwarzo da irin baiwarsa, wanda ya rage a raye shi ne zakara. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, wasa ya tsaya. To a irin wannan zaman jiran ne suka ƙirƙiro nasu wasan kwaikwayon na murya zalla, suka ɗauko Kyaftin, wanda suke kira Bule, suka jefa shi cikin wasan wayar.

A cikin shirin nasu, Bule ɗan wasa ne mai kuɗi. Ya sayi kowace irin bindiga, ya sayi riga mai sulke, ya cika waya da kiredi, ya ci kowane mataki har ya iso matakin Lugu. Nan rezo ya fara yi masa wasa. Ya danna harbi, harsashi ya tafi, ba kowa a wurin. Ya sake dannawa, sai kibiya ta zo masa ta inda bai duba ba. Mai yin muryarsa wani siririn yaro ne mai gyaran babur, ya toshe hanci da yatsa biyu yana zuba Faransancin ƙarya, yana ƙirga harsashin da ya rage. Amma gwanin shirin shi ne tafinta. Bule ya yi ruwan ashar, ya ce a faɗa wa mutanen gari su miƙa wuya ko ya mai da su toka. Tafinta ya gyara murya ya ce, “Nasara na gaishe ku, ya ce ina gajiya, ina gida, kuma don Allah ko akwai mai caja ƙaramin baki.” Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Kayan aikinsu waya guda ce, a kife cikin ƙwarya don kada iska ta shiga. Ƙarar bindiga, murfin tukunya da cokali. Tafiyar dawaki, tafin hannu a cinya. Tsawa, guntun kwanon rufi da ake girgizawa. Ana cikin ɗauka jakin maƙwabta ya yi kuka, na ɗauka za a sake, sai mai riƙe da wayar ya ɗaga hannu, tafinta ya ce, “Ga Chanoine nan ya iso da taimako.” Aka bar shi a ciki. Ba rubutu a hannun kowa. Sukan daidaita inda za a fara da inda za a tsaya, sauran kowa ya ji da bakinsa. In an gama, a tura ta WhatsApp, wanda ba shi da data ya kawo katin waya a zuba masa a rumfar caji, washegari ka ji shi a kunnen 'yan kabu-kabu.

Abu biyu na lura da su, kuma su ne suka sa na daina ganin shirin a matsayin shiriritar yara. Na farko, ba wanda ke yin muryar Sarauniya. Duk inda ya kamata ta yi magana, sai a yi tsit, ɗaya ya buga gindin turmi sau uku, a ji Bule ya rikice. Na tambayi babbansu dalili. Ya dube ni ya ce, “Kawu, wa za shi ari bakin Sarauniya? Tana nan zaune Lugu, mu ko ɗiyanta muke.” Na biyu, shirin bai taɓa kai wa Ƙonni ba. Kowane kashi a Lugu yake ƙarewa, Bule na neman rezo. Suka ce akwai mutanen Ƙonni a cikin masu saurare, kuma ba a wasa da kabarin kakan wani. Ba hukumar tace fina-finai da ta gindaya musu wannan, su suka san inda dariya ke tsayawa.

Direban da ya kai ni Bafillace ne, kuma bai tsira ba. Tun da muka sauka suke kiransa bawansu, shi kuma yana cewa da Bule nono ya nema da ladabi da an ba shi hanya, Arawa ne ba su iya karɓar baƙo ba. Suka matsa sai da ya shiga shirin, ya fito a makiyayin da Bule ya tambaya hanya ya nuna masa ta ƙaya. Tsakanin Arawa da Fulani akwai wasan taubasantaka, irin wanda ke tsakaninmu Kanawa da Zazzagawa, sai dai a Nijar sun ɗauke shi da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Yaron da ya tashi yana jin ana zagin babansa a kasuwa babansa na dariya yana ramawa, ba sai an koya masa yadda ake saka magana ba. Kuma ƙasar ta saba da murya: tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo, inda ake ɗaukar maganar mutanen karkara a watsa, ga kuma su Yazi Dogo da suka yi shekaru suna sa 'yan Nijar dariya da wasan kwaikwayon Hausa.

Manya sun riga sun yi nasu da wannan labari. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia da Faransanci a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, kuma gwamnatin sojan da ta hau a 2023 ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Duk waɗannan sun ɗaukaka ta, ba musu. Amma a ganina samarin fadar nan sun yi abin da littafi da lambar yabo ba su yi ba: sun ƙasƙantar da Voulet. Mutumin da kakanninsu suka gudu daga gabansa ya koma wanda ke roƙon caja.

Masu sha'awar wasa su ɗauki gwarzayensa su yi nasu shiri da su, ba a Dogonduci aka fara ba. A Amurka an yi wani wasan intanet na jarumai masu baiwa, City of Heroes, wanda ya fito a 2004, 'yan wasansa suka riƙa tsara labarai da shirye-shiryen murya a kan jaruman da suka ƙirƙira. Kamfanin NCSoft ya rufe shi ran 30 ga Nuwamban 2012, masoyansa suka farfaɗo da shi da kansu, sai a Janairun 2024 kamfanin ya ba su izini a hukumance. Su sai da suka jira mai kaya ya yarda. Na Dogonduci wasan kawai suka ara, jarumar tasu ce tun asali, ba wanda za su nemi izininsa in ba dattawan Lugu ba. Mu ma a Kano muna da gwanayen murya, duk wanda ya ji fassarar fina-finan Indiya ta Algaita ya san haka. Sai dai kullum bakinmu muke ara wa jarumin wani, alhali ga Barbushe ga Dala a tsakiyar gari.

Mai niyyar zuwa, ya fara tambayar halin hanya, don yankin ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, kuma kada ya shiga daji sai da ɗan gari. In ka isa Lugu ka tafi da goro, ka gaida dattawa kafin ka fito da waya, kada ka ɗauki hoto ko murya sai an ce maka to. In kuma ka kwana Dogonduci, ka nemi fadar da ka ji dariya ta fi yawa ka yi sallama, za a matsa maka a benci.