Makirufo Domin Waƙoƙin Zumunta

Bayan harin Boko Haram na 2014, masu bi da dama a Kolofata suka watse, wasu Mora, wasu Marwa. Waƙoƙin zumuntar mata kuwa yawancinsu a ka suke, ba a takarda ba. Dole a ɗauke su, ko a ɗakin kwana ne.

Samari sukan nace wa makirufo irin na gidan rediyo. Kwaɗayi ne kawai. Yana bukatar wuta mai bolt 48, ƙurar hunturu na cutar da shi, har kukan akuya yakan kwaso. Gara Shure SM58: ba ya neman wuta, ko ya faɗi da wuya ya lalace. Mai ba da waƙa ta matso kusa da shi, masu amshi a bayanta, tulu da caki can gefe.