Mai Gyaran Rediyo na Malanbil

Garin Malanbil yana bakin Kogin Kwara, can ƙarshen arewacin ƙasar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Wanda ya haye gada ya shiga ƙasar Nijar ke nan, ya nufi Gaya. Dendawa ne masu gari, amma ran kasuwa Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa duk sukan hallara wajen cinikin albasa da shinkafa da kifi. Inda harsuna suka taru haka, waƙoƙi ma sukan taru.

A wannan gari akwai wani dattijo, Bahaushe mai bi, wanda ya tsufa a kan sana'ar gyaran rediyo da rikoda. Mai wannan sana'a ba ya zaɓen abin da zai ji, gama in ya gyara akwati dole ya gwada shi da kaset ɗin da mai akwatin ya kawo. Ta haka ya sha kalangun Mamman Shata, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da waƙoƙin finafinan Indiya, da muryar Angélique Kidjo, 'yar ƙasar Benin. Ya ji masu kyau, ya ji kuma waɗanda yakan rage murya in yara suna kusa.

Faransa ce ta mallaki ƙasar har 1960, Ingila ba ta taɓa mulkin Malanbil ba. Duk da haka dattijon yakan ce Ingila ta shigo garin sau uku, kowane karo kuwa ta kunne ta bi.

Na fari, ta waƙoƙin sujada. Da yawa daga cikin waɗanda ke Littafin Waƙoƙi an juyo su ne daga Turanci, wasu na mutane irin su Charles Wesley, wanda ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000. A ƙasarsu da molon Turawa ake raira su cikin sanyi. Da suka faɗo hannun matan zumunta, sai aka sa musu ganga da tulu da tafi, har suka zama kamar a nan aka haife su.

Na biyu, ta rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma shekara da shekaru, da yamma ta yi, mutane sukan kewaye rumfar dattijon don jin labarin duniya daga Landan. Akwati ɗaya, kunnuwa ashirin. In an gama labarai a sa kaset. Sa'an nan gardama ta tashi. Wani ya ce Shata ya wuce gona da iri wajen yabon mai kuɗi, wani ya ce ai mutumin ya yi alheri ne. Musulmi da Kirista suna zaune a benci guda, yara kuma suna gefe suna kasa kunne. Ba wanda ya kira wurin makaranta, amma a nan yaro yake koyon cewa ana auna waƙa kamar yadda ake auna shinkafa, a duba tsakuwa kafin a dafa.

Na uku, ta ƙwallo. Samarin yanzu sun san sunayen 'yan wasan Arsenal da Chelsea da Manchester United fiye da sunayen kakanninsu, suna kuma iya faɗa maka ko ana ruwa a Liverpool. Dattijon ba ya fushi da gidan kallon ƙwallo kamar yadda wasu tsaransa suke yi. Yakan ce, ko ba kome, a can mutane suna ihu tare, suna baƙin ciki tare, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa.

Abin da ke damunsa shi ne wayar hannu da igiyarta ta kunne. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kaset kuma ya bi su. Yau waƙa dubu tana shiga kati ƙarami kamar farce. Jikansa yakan zauna kusa da shi yana kaɗa kai, kaka bai san ko waƙar yabon Allah ce ko ta batsa ba. Ran nan ya taɓa shi ya ce, "Kai, mai gida, me kake ci kai kaɗai ba tayi?"

Yaron ya yi dariya ya ce, "Kaka, ba za ka so ta ba."

"To, bari in ƙi ta da kunnena."

Aka cire igiya, aka saki murya. Waƙar soyayya ce ta finafinan Kano. Tsohon ya ce kiɗan na'ura ne, ba rai a ciki, amma akwai baiti guda mai hankali. Yaron ya ce Shata ma ai maimaita magana yake yi har a gaji. Suka yi ta ja-in-ja har aka kawo tuwo. Tun daga ranar ya zama musu al'ada: jika ya kawo ɗaya, kaka ya kawo ɗaya.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka rufe gadar. Manyan motoci suka yi layi, ciniki ya faɗi, mutane suka koma haye ruwa da kwalekwale. Dattijon ya lura waƙa kaɗai ce ba ta tsaya ba; sabuwar da ta fito a Kano ko Yamai da safe, kafin dare tana wayoyin yaran Malanbil. Abin da soja da kwastan ba su iya tarewa ba, uba ba zai tare shi a ƙofar gida da tsawa ba.

Iyaye da yawa cikin masu bi sun ɗauka aikinsu shi ne hani. Hani yana da wurinsa, gama akwai waƙar da ba ta cancanci bakin ɗan kirki ba. Amma yaron da aka hana ba tare da an saurara tare da shi ba, zai ƙara tura igiyar cikin kunne ne kawai. Wanda yake so ya san abin da ke shiga zuciyar ɗansa, sai ya matsa masa wuri a tabarma, ya ce a saki murya kowa ya ji.