Na je Beljiyam in raba Auta da babur ɗinsa

'Yar'uwa, idan kina da ɗa namiji da ya fara tasawa, kin san yadda gabanki ke faɗuwa duk lokacin da ƙarar babur ta wuce ƙofar gida da gudu. Ummanmu a haka take rayuwa tun ranar da Autanmu, wanda ke aiki a Charleroi ta ƙasar Beljiyam, ya turo hotonsa a kan wani dogon babur mai ƙafafu kamar na zalɓe. Da na sami hutu daga asibitin da nake aiki a Ingila, saƙo ɗaya ta ba ni: "Ki je ki sa shi ya sayar da abin nan." Na amsa da zuciya ɗaya. Na yi shekaru a sashen agajin gaggawa a gida, na wanke raunukan 'yan acaɓa da ba zan iya ƙirgawa ba, na kuma tsaya kusa da uwaye a lokacin da likita ke neman kalmar da zai faɗa musu.

Charleroi tsohon garin kwal ne da ƙarfe. Daga tagar Auta ana hango tuddan baƙar ƙasar da aka tono daga ramukan kwal, yanzu bishiyoyi sun rufe su. Watan Oktoba ne, ga sanyi ga yayyafi. Ban ko gama shan shayi ba na isar da saƙo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, na ji. Amma ki bari mu je Mettet ranar Lahadi tukuna."

Mettet ƙaramin gari ne a lardin Namur, bai kai tafiyar awa ɗaya daga Charleroi ba. A mota muka je, don na rantse ba zan hau bayansa ba. Hanyar ta ratsa gonaki da makiyayar shanu da ƙauyuka masu gidajen dutse da jan bulo, inda kowa Faransanci yake yi. A gefen garin akwai filin tsere mai sunan Jules Tacheny, wani tsohon ɗan tseren babur na ƙasar, kuma a nan ake yin gasar Superbiker duk kaka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan iyalai. Ga tsofaffi da kujerunsu na naɗewa, ga uwaye da yara an toshe musu kunnuwa saboda ƙara. Ko'ina ƙamshin soyayyen dankali ne a cikin takarda. Idan Allah ya kai ki, ki tambayi man da aka soya shi, domin mutanen nan sun saba soyawa da kitsen sa.

Wannan nau'in babur ana kiransa supermoto. Asalinsa babur ɗin jeji ne, dogo, marar nauyi, mai injin silinda ɗaya, sai aka cire masa manyan tayoyi masu haƙora aka sa masa na kwalta masu inci 17, aka ƙara masa babban birki a gaba. A Amurka aka faro wasan a 1979, lokacin da tashar talabijin ta ABC ta haɗa gwanayen tseren kwalta da na ƙasa a fili ɗaya a Carlsbad ta jihar Kalifoniya, don a ga wane ne gwanin gwanaye. Da aka daina shirin a 1985, Faransawa suka ɗauka suka raya shi da sunan supermotard. Shi ya sa filin yake gauraye: yawancinsa kwalta, sauran ƙasa da tuddan tsalle.

Ba zan ɓoye miki ba, zagayen farko da idona a rufe na kalle shi. Mahayi zai taho da gudu, ya danne birki, tayar baya ta zame gefe, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya shige kwana a karkace. Wani ya faɗi a gabanmu, ya yi ta jan ƙasa a kan rigar fatarsa. Ni har na fara lissafin ƙashin wuya da na ƙugu, sai ga shi ya miƙe yana neman babur ɗinsa. Masu tuta sun riga sun ɗaga wa na baya, motar asibiti tana tsaye a wurinta, kuma babu tirela ko akuya ko yaron da zai tsallako titi.

Amma abin da Auta ya kawo ni in gani yana bayan fili, inda ake ajiye baburan. Nan na ga an lulluɓe tayoyi da bargon lantarki don su yi ɗumi su kama kwalta. Na ga kanikawa suna auna iskar taya, suna duba sarƙa, suna rubutawa. Baburan tsere irin su KTM 450 SMR da Husqvarna FS 450 da awa ake lissafa musu aiki, akwai ɗan agogo a jikinsu da ke ƙirga tsawon lokacin da inji ya yi yana kunne. Bayan 'yan awoyi a juye baƙin mai, bayan wasu a buɗe inji a duba. Auta ya ce wanda ya sayi irin wannan don zuwa aiki kullum ya saya wa kansa wahala, domin ƙarfin da ke cikinsa da kuɗi da lokaci ake biyansa.

Nasa daban ne. Da muka dawo ya buɗe mini gareji. Suzuki DR-Z400SM ne, na hannu, abin da a gida muke kira "Beljiyam", sai ga shi a Beljiyam ɗin kanta. Injinsa cc 398, giya biyar, tanki lita 10, da kafireta irin ta da. Ba ya cikin masu ƙarfi, manyan irin su KTM 690 SMC R sun kusa ninka shi. Ya ce ya zaɓe shi ne don kowane bakanike ya san cikinsa, kuma an san shi da juriya idan mai shi bai yi sakaci ba. Aibinsa ma bai ɓoye ba: kujerar siririya ce kamar benci, bayan awa ɗaya sai mutum ya nemi sauka, a babbar hanya iska na dukan ƙirji, ƙaramin tanki yana sa yawan tsayawa gidan mai, kuma ɓarayi na son irinsa saboda mutum biyu sun isa su ɗaga shi. Sarƙar da yake ɗaure shi da ita ta fi damtsena kauri.

Sai ya ciro wani littafi mai tabon mai a bango. Kwanan wata, kilomita, abin da aka yi. Juyen baƙin mai tun kafin lokacin da kamfani ya ƙayyade. Wanke sarƙa da shafa mata mai, musamman bayan ruwan sama. Ranar da ya canza takalmin birki, ranar da ya wanke matatar iska, ranar da bakanike ya auna bawul. Ya nuna mini cewa man wannan babur a cikin ƙarfen jikinsa yake zama, don haka sai an kunna inji ya ɗan yi zafi kafin a duba sandar awo, in ba haka ba awon ƙarya zai nuna. Na tsaya ina kallon shafukan. Yaron da ba ya iya wanke kofin shayinsa a gida, ga shi da takarda irin wadda nake cikewa a gefen gadon majinyaci.

A shafi na tara na ga an rubuta "madubi da hannun birki, sabo". Na ɗago na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ganyen bishiya ne ya jiƙe a kwana, bara. Ya kawo rigar, kafaɗarta a goge har ta yi fari, ya ce hular kwanon ya jefar ya sayi wata, tunda wadda ta taɓa bugun ƙasa ba a sake amincewa da ita. Gaskiya ya faɗa, amma Umma ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, kuma wannan ya fi babur ɗin ɓata mini rai. Dokar Beljiyam ta wajabta hular kwano, safar hannu, riga mai dogon hannu, dogon wando da takalmi mai rufe idon sawu. Lasin kuma mataki-mataki ne, ɗan shekara 18 ba ya hawan abin da ɗan 24 zai hau. Duk da haka na yi jinyar mutanen da suka sa komai, mai mota ne kawai bai gan su ba. Na faɗa masa wannan, bai musa ba.

Daren da zan tafi Umma ta kira. Ta ce, "Ya sayar?" Na ce bai sayar ba. Na gaya mata littafin, na gaya mata faɗuwar, domin na ce masa ba zan rufe ba. Na gaya mata abin da ya yi alkawari: ba zai hau da dare ba, ba zai hau lokacin ƙanƙara ba, lambata kuma tana maƙale a cikin hularsa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na ɗauka layin ya katse. Sai ta ce in ba ta shi. Na miƙa masa wayar na fita falo, ina jiyo shi yana ta "To, Umma. Na'am, Umma," kusan rabin awa.