Ƙofar raga da makullin da ya cije

Jiya da la'asar aka sauya mana makullin ƙofar raga, kuma har yanzu abin yana raina.

Duk wanda ya zauna a Kubwa ya san darajar wannan ƙofa. A watan Maris, idan zafi ya yi zafi aka kuma ɗauke wuta, ita ce ke ba mutum damar buɗe ƙofar ƙarfe ya sha iska sauro bai cika masa ɗaki ba. Da damina kuwa ba a magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, ni kuma ina da yara ƙanana uku.

Mabuɗin ya ɓata tun bara, muna ta murɗawa daga ciki. Ranar Talata sai abin murɗawar ya cije, ƙofa a kulle. Kwana biyu ta ƙofar kicin muke shige da fice. Maƙwabcina ya ce a yanke ragar a sa ƙarfe a ɓalle makullin, a huta. Gaskiya na kusa yarda.

Sai aka haɗa ni da wani dattijo Bakano mai aikin makullai a kasuwar Dei-Dei. Ya zo da 'yar jakarsa, ya tsaya yana kallon ƙofar bai taɓa ta ba. Na ce, "Baba, ba mu da mabuɗi fa." Ya ce, "Ɗana, tunda muna ciki ba ma bukatarsa. Mai ƙera wannan makulli na waje ya tsare wa hanya, kusoshinsa duk ta ɗaki suke kallo."

Haka kuwa. Ya fara kwance ɗan gidan ƙarfen da harshen makullin ke shiga a jikin firam, ƙofa ta buɗe. Ya kwance jikin makullin, sai ga wasu dogayen kusoshi biyu da ke riƙe da bakin da ake zura mabuɗi. Ɗaya ta yi tsatsa ta ƙi motsi. A nan na ga haƙuri. Ya ɗiga mata kananzir, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya yi sallah, ya dawo ya ɗora sukudireba ya ɗan buga da guduma sau biyu. Ta juya.

Da ya buɗe tsohon makullin sai ya nuna mini wani baƙin abu kamar kwalta. Mai ne da aka riƙa zuba masa don ya yi laushi, ƙurar hunturu ta haɗu da shi suka daskare, har 'yan sifirin ɗin ciki suka kasa tashi. Ya ce idan sabon ya fara tauri, in goga bakin fensir a jikin mabuɗin, kada mai ya kusance shi.

Da ya zo ɗaurawa, sandar sabon makullin ta fi kaurin ƙofar tsawo, ya auna ya datse ta da filaya. Ya ba ni mabuɗai uku, ya ce in kai wa maƙwabcin da na amince da shi ɗaya.

Kafin ya tafi ya shafa ragar da tafin hannunsa daga sama har ƙasa, ya sami wata 'yar huda kusa da ƙasa wadda ni ban taɓa lura da ita ba, ya ɗinke ta da siririyar waya. Wannan bai sa ta a lissafi ba. Daren jiya babu wuta, ƙofar ƙarfe a buɗe muka kwana, yaran ba su farka ba sai asuba.