Gaɓar da Ta Kusa Mayar da Ni Ɓarawo

Watana biyu da barin Garwa, ina aiki a shagon wata mata a Bata, ƙasar Ikwatoriyal Gini, wani ɗan garinmu ya ɗauki kayan jaka goma sha biyar bashi. Da uwar ɗakina ta tambayi kuɗin, na so in ce mata ni zan biya. Na buɗe baki na ce "pagó". Ta gyaɗa kai, ta soke sunansa a littafi.

Da dare aka yi lissafi, kuɗi ba su cika ba. Ba ta ce mini komai ba, amma ta karɓe makullin akwati daga hannuna. Ranar ban runtsa ba.

Washegari na kai kukana wurin wani dattijo Bahaushe da aka haifa a garin. Ya sa na maimaita kalmar, sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, ai ce mata ka yi ya biya."

Ya zana mini a ƙasa. Saiwar aikatau ɗin "pag" ce, gaɓoɓi biyu ne: pa, go. In ka danna murya a kan ta farko, PA-go, kai ne mai biya. In ka danna ta ƙarshe, pa-GO, wani ne ya riga ya biya. A Sifaniyanci, kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, nauyinta na kan gaɓar kusa da ƙarshe. In ya kauce daga nan, sai a ɗora wa wasalin 'yar alama. Ni kuwa Faransancin lekol ya saba mini da jingina kan gaɓar ƙarshe.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, kunnena ya san wannan tun ina goye. Ban taɓa rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba, alhali rubutunsu ɗaya ne. Na ɗauka harshenmu kaɗai ke da irin wannan.

Dattijon ya raka ni shago, ya yi mata bayani. Na biya kuɗin a ƙarshen wata. Makullin kuwa sai bayan sati uku ya dawo hannuna.