Daga Gadarif Zuwa Gallabat

Da asuba na isa tashar motocin Gallabat a nan Gadarif. A da, kafin hantsi an gama lodi an kama hanya. Ran nan kuwa sai bayan azahar muka ɗaga, domin direba ya ƙi tashi sai mota ta cika maƙil.

Ban ga laifinsa ba. Tun da gwamnati ta janye tallafin mai a 2021, ribarsa ta koma kuɗin kujera ɗaya ko biyu.

A hanya, cikin gonakin dawa da riɗi, muka wuce manoma zaune kan buhunansu suna ɗaga hannu. Ba mu tsaya ba, babu wuri. Wataƙila nan suka kwana.