Kunne Ma Yakan Duba Farashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai kayan waya zai sayi iyafis ya san yadda cinikin yake tafiya. Ka nuna mai araha, ya jona maka a wayarsa ka saurara. Can sai ya ce, "Yallaɓai, bari ka ji orijina," ya zaro wani daga kwali. Tsakanin cire wancan da jona wannan, babban yatsansa ya riga ya danna maɓallin ƙara murya. Kiɗa ya doko ka har ƙirji, muryar mawaƙi ta fito raɗau, ka gyaɗa kai ka ce lallai da bambanci. Wasunsu ba da niyyar cuta suke yi ba, hannu ne kawai ya saba.

Abin da yatsan nan ya yi, tun 1933 aka auna shi. Wasu masu bincike biyu na ɗakin gwajin Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa kunnen mutum ba ya yi wa sautuka adalci. Idan aka rage murya, sautin ƙasa mai kauri, wanda samari ke ce wa bas, shi ke fara ɓacewa, siririn na sama ya bi shi, a bar ka da na tsakiya inda maganar mutane take. Da an ɗan ɗaga sai su dawo. Saboda haka in aka ba ka abu biyu masu kama da juna, wanda ya ɗan fi ƙara shi za ka ce ya fi daɗi, ba tare da ka gane ƙarar ce ta saye ka ba.

Akwai waɗanda sai da suka zubar da dukiya kafin su gane haka. A Jamus da Japan da Amurka da wasu ƙasashe, tara kayan sauti sha'awa ce mai zaman kanta, da mujallunta da tarurrukanta da gardandaminta. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da wani hedifon mai suna Orpheus a 1991, guda 300 kacal ya ƙera. A 2015 ya kawo magajinsa, HE 1, a kan kuɗi wajen Yuro dubu 50. Amfilifayarsa a cikin dutsen marmara na Carrara ta Italiya take zaune. Idan ka kunna, maɓallai su turo kai daga jikin dutsen, ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo su taso sannu a hankali, murfin akwatin ya buɗe da kansa. Wa zai ga wannan bajinta, bayan ya biya kuɗin gida sukutum, sannan ya sa a kunne ya ce bai ji wani abin kirki ba?

Masu son gaskiya a cikinsu sai suka fito da gwaji marar tausayi: a daidaita ƙarfin sautin da na'ura, a ɓoye wa mai sauraro abin da aka kunna, a ce ya faɗi wanne ne wanne. A 2007 Brad Meyer da David Moran, 'yan ƙungiyar masu sha'awar sauti ta Boston, suka wallafa sakamakon irin wannan gwaji. Sun riƙa kunna faifai masu tsada da ake cewa sun fi CD inganci, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an sauko da sautin zuwa matakin CD. Sau 554 aka tambaya, aka dace sau 276. Rabi ke nan, abin da mai canki-canka ma zai samu. An soki yadda suka zaɓi faifan, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma daga nan bakin masu cewa bambancin a bayyane yake ya ɗan yi sanyi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne abin da ya faru a 2022. Akwai wani kamfanin Amurka, Mobile Fidelity, da ya yi suna wajen sake buga tsofaffin waƙoƙi a baƙin faifai irin na garmaho, yana sayarwa da tsada. Masu saye sun sakankance cewa daga ainihin tef ɗin da aka naɗi waƙar ake yanko faifan, kwamfuta ba ta sa hannu ba. Da yawansu suna bugun ƙirji cewa kunnensu na jin aikin kwamfuta a waƙa yadda haƙori ke jin tsakuwa a shinkafa, kuma faifan wannan kamfani su ne hujjarsu. A watan Yuli na shekarar, wani mai shagon faifai a birnin Phoenix ya tayar da maganar, ya je har ɗakin aikin kamfanin a Kalifoniya, injiniyoyin suka amsa da bakinsu cewa tun wajen 2011 suke fara kwafe tef ɗin zuwa na'urar dijital kafin su yanka faifai da dama. Kamfanin ya ba da haƙuri, aka kai shi kotu, aka yi sulhu. Masu saye suna da gaskiyar fushi, don an ɓoye musu abin da suka biya kuɗi a kai. Sai dai fiye da shekara goma suna sauraro suna yabo, kunnen ko mutum ɗaya bai tona asirin ba, baki ne ya tona. Faifan kuwa, yadda suke da daɗi ranar Litinin haka suka wayi gari ranar Talata.

Kada a ɗauka duka harkar iska ce. Tsakanin hedifon da hedifon akwai bambanci na gaske, wanda ko an rufe maka ido za ka ji. Farashi ne dai ba ya nuna shi. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon hedifon 283 ya ga babu wata alaƙar kirki tsakanin tsadar abu da yadda yake fitar da sauti. Sony MDR-7506 da ya fito a 1991, mai kuɗi wajen dala 100, har gobe yana rataye a ɗakunan naɗar sauti da gidajen rediyo. Sennheiser HD 600 na 1997 shi ma bai bar kasuwa ba, kuma da shi mutane da yawa ke gwada sababbi. Ga kuma ƙananan kamfanonin ƙasar Sin irin su Moondrop, da ke sayar da iyafis na dala 20 da ya sa manya kunya.

Abin da ya fi canja sauti kuwa sau da yawa shi ne wanda ba a kulawa da shi. Robobin nan uku da ke zuwa cikin kwalin iyafis, ƙarami da matsakaici da babba, akasarinmu da kwalin muke haɗawa mu yar. Alhali in robar ba ta toshe ramin kunne ruf ba, bas ta gefe yake zurarewa, ka zauna kana zagin kamfani. Gwajin ba wuya: kana cikin sauraro ka ɗan danna iyafis ɗin ciki da yatsa. In kiɗan ya cika nan take, robar ce ba taka ba. Haka soson hedifon, idan ya kwanta saboda gumi da daɗewa, sautin ma ya canja, shi ya sa masu harkar ke sayen sabon soso maimakon sabon hedifon. Iyafis ɗin da ake cewa kunne ɗaya ya mutu ma, a duba 'yar ragar bakinsa tukuna, wataƙila dauɗar kunne ce ta liƙe ta, tsohon buroshin haƙori ya ishe ta.

Akwai kuma iyakar da kuɗi ba sa tsallakewa. Ɗauki waƙar Shata da ta bi ta kaset zuwa kaset, aka juye ta a kwamfuta, aka matse ta don ta shiga memori. Sa mata hedifon mai kyau, abin da zai fara kawo maka shi ne shuuu ɗin kaset da shaƙewar murya, waɗanda ƙaramar sifikar waya ke rufa wa asiri. In ka yi sa'ar kwafi mai tsabta, nan ne za ka ji lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin kalangu a hammata muryarsa ta hau, ya saki ta sauko, ka rarrabe 'yan amshi da juna. Abin da makirufo bai kama ba ranar da aka naɗa, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi.

Masu wannan sha'awa suna da wata ba'a da suke yi wa kansu: lokacin da aljihu ya isa sayen kayan, kunne ya riga ya fara ritaya. Yaro mai lafiyar kunne yana ji daga 20 zuwa wajen 20,000 Hz, amma na saman suna zubewa da shekaru, kuma ƙananan ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalata jinsu ta hanyar sauraro da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In ya kai 90, awa huɗu ne kawai.

Nan ne wurin zama ya shigo cikin lissafi. HD 600 da ire-irensa bayansu a buɗe yake, raga ce kawai, don ɗaki mai shiru aka yi su. Sa shi a gidan da janareton maƙwabci ke ruri, ko a bayan adaidaita sahu, duk hayaniyar za ta shigo, kai kuma ka yi ta ƙara murya don ka danne ta, har ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi. Ga mai irin wannan yini, iyafis mai arahar da robarsa ta zauna daram ya fi amfani, domin yana tare hayaniyar tun daga ƙofa, karatun Alƙur'ani ko labaran yamma su ishe shi a rabin murya.